Yadda Za Ku Sa Aibin Tauraro Ya Taɓa Kowa a Cikin Labari

Rubuce-rubucen da ƙannena marubuta ke turo mini in duba kafin su sake su, galibi ciwo ɗaya ke damun su. Tun a shafin farko za a sanar da ni cewa Alhaji Kabir mutum ne mai girman kai, ko Nabila yarinya ce mai zafin kishi. To, na ji. Sai in yi ta karatu har babi na ashirin ban ga wanda girman kan nan ya hana barci ba. Matarsa tana nan yadda take, direbansa yana ta washe baki, mahaifiyarsa tana ta sa masa albarka. Can dab da ƙarshe sai a haɗa masa hatsarin mota a hanyar Kaduna, ya farfaɗo a gadon asibiti yana kuka yana neman gafarar kowa. Wannan ba hali ba ne, suna ne kawai aka liƙa masa.

Aibin mutum kamar yoyon ɗaki yake. Ba a saman kwano ake gane shi ba, sai a katifar da ta jiƙe da buhun garin da ya lalace. In kuna so mai karatu ya yarda cewa tauraronku yana ɗauke da abin da zai kai shi ƙasa, ku rage kwatanta shi, ku nuna mana mutanen da suke kwana suna tashi da shi, da yadda zama da shi ya lanƙwasa kowannensu. Ga hanyar da nake bi.

Ku zaɓi aibin da jama'a ke yabo

Mugunta zalla ba ta haifar da labarin ban tausayi. In mutum azzalumi ne tun asali, ranar da ya faɗi mai karatu hamdala zai yi ya rufe littafi. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal na ƙasar Girka ya lura da wannan. Ya ce wanda faɗuwarsa ke taɓa zuciyar 'yan kallo ba waliyyi ba ne, ba kuma tantirin mugu ba ne, mutum ne na tsaka-tsaki wanda kuskurensa ya kayar da shi.

Da yawanku kun haɗu da Okonkwo a littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Ku tuna abin da ya ɗaukaka shi a garinsu Umuofia: ƙarfi, ƙwazon noma, rashin tsoro, ƙin raini. Ubansa Unoka ya mutu da tarin bashi ba tare da ya riƙe wata sarauta ba, shi kuwa ɗan ya sha alwashin ba za a taɓa kwatanta shi da uban ba. Abin da ya cika masa rumbu da doya, ya ba shi mata uku da suna a gari, shi ne dai abin da ya raba shi da ɗansa. Ba halaye biyu ba ne, mai kyau da maras kyau. Hali ɗaya ne.

Mu a nan muna da irin waɗannan halaye jingim, amma ban cika ganin ana taɓa su ba: kunya, kara, kawaici, haƙuri, kyauta, biyayya, zuciya. Kowanne abin yabo ne, kowanne kuma in ya wuce gona da iri yana iya rushe gida ba tare da an ji ƙara ba. Shi ya sa na ƙirƙiri mace ɗaya don wannan darasi, za mu bi ta har ƙarshe.

Sunanta Asabe, a Funtuwa take aure. Mijinta Malam Garba fataucin hatsi yake yi. Tana da 'yar fari, Zulai, da ɗan auta, Sadiku. Malam ya taɓa yi mata kishiya, Lami, auren bai yi ƙarko ba, ta fita ta bar 'yar shekara huɗu, Hafsatu, a hannun Asabe. Duk unguwa in ana misalin mace mai kara, da Asabe ake yi. Ba ta taɓa fifita nata a kan 'yar miji ba. Hasali ma 'yar mijin take fifitawa, kullum, a kan komai. Ba ta kiran sunan Zulai, wannan kuwa kunyar ɗan fari ce, ba wanda zai ga laifinta. Aibin nata ke nan, kuma ku lura ba wanda zai kira shi aibi a babin farko.

Tushen halin kada ya ɗauke ku fiye da shafi ɗaya. Asabe ta tashi a hannun kishiyar uwa, ta san ƙanzo da ragowar miya, ta san yadda ake wanke-wanke da asubar hunturu alhali 'ya'yan masu gida na cikin bargo. Ta ɗaukar wa kanta alkawari ba za a taɓa jin wannan labari daga gidanta ba. Idan ta dubi Hafsatu, kanta take gani. Idan ta dubi Zulai, 'ya'yan gata take gani, waɗanda a ganinta ba sa bukatar komai tunda uwarsu na raye a ɗaki. Ku ba mu wannan sau ɗaya, a bakin wata tsohuwa ko cikin wani ɗan tunani, ku wuce. Marubuciyar da ke komawa yarintar tauraruwa a kowane babi tana roƙa mata uzuri ne, mai karatu kuwa ba ya son a roƙe shi.

Takardar da za ku cika kafin ku rubuta babi na ɗaya

Nan ne aikin yake, nan kuma yawancin marubuta ke tsallakewa saboda ɗokin fara labari. Ku samu takarda, ku jera sunan duk wanda ke kusa da tauraro. A gaban kowane suna ku amsa tambaya uku: me yake samu daga wannan hali, me yake rasawa, wace ɗabi'a ya koya don ya iya zama da shi? Sharaɗin shi ne kada amsar mutum biyu ta zo ɗaya. In ta zo ɗaya, ɗayansu ba shi da aiki a littafin.

Ku duba yadda Achebe ya raba nasa. Nwoye, ɗan fari, tsoro ya koya, da yin kamar yana jin daɗin labarun yaƙi alhali tatsuniyoyin uwarsa yake so, daga ƙarshe ya bar gidan ya bi 'yan mishan. 'Yarsa Ezinma ita ce wadda uban ya fi so, amma son bai iya fitowa ta hanyarsa ba, sai dai ya yi ta cewa da ma namiji ce. Matarsa Ekwefi, uwar Ezinma, wadda ta baro mijinta na farko saboda shi, ta sha duka har ya taɓa harbin ta da bindiga Allah ya sa bai same ta ba, amma daren da aka ɗauki Ezinma zuwa kogon tsafi shi ne ya biyo bayanta da adda a hannu. Ikemefuna, yaron da aka ba shi riƙo, da ransa ya biya. Mutum ɗaya, hali ɗaya, amma kowa da irin kuɗin da aka caje shi.

To, mu cika ta Asabe.

Zulai ba ta samun komai sai sunan "'yar mutuniyar kirki". Ta rasa uwa alhali uwar na raye. Ɗabi'ar da ta koya ita ce rashin tambaya. Ba ta cewa tana jin yunwa, ba ta cewa takalminta ya tsinke, in zazzaɓi ya kama ta sai ta shige ɗaki ta lulluɓa. Ku riƙe wannan da kyau, domin ita ce igiyar da za ta shaƙe su duka a gaba. Yarinyar da aka koya wa cewa kukanta abin kunya ne, ranar da ciwon gaske ya zo a hankali za ta faɗa, sau ɗaya, ta yi shiru.

Hafsatu ita ce tarkon da sabon marubuci ke faɗawa. Zai mayar da ita shagwaɓaɓɓiya mai rashin kunya don mai karatu ya samu wanda zai tsana. Kada ku yi haka. Ku bar ta ta zama yarinyar kirki mai son yayarta. Tana samun tsoka mafi girma da zane mafi kyau, amma ta rasa 'yar'uwa, domin duk abin da aka ba ta daga hannun Zulai aka zare, kuma ta sani. Ta koyi ɓoye farin ciki. Ta koyi kai wa Zulai rabin namanta a bayan ɗaki, Zulai kuma ta koyi ƙin karɓa. Bashin alherin da ba ta roƙa ba yana kanta, ba ta da bakin cewa ya yi mata nauyi, don wa zai saurare ta?

Malam Garba shi ne wanda ya fi kowa cin riba. Gidansa ba rigima, abokansa a kasuwa suna yi masa sha'awar mata. Ya koyi kawar da kai. Yana ganin Zulai da tsohon hijabi ranar Juma'a, zuciyarsa ta ɗan sosu, sai ya ce a ransa ai uwarta na nan, ita ta san abin da ya dace. Kusan kowane mai irin wannan aibi yana da wanda ke shayar da aibin ruwa don yana jin daɗin inuwarsa. In babu irin Malam Garba a labarinku, ku nemo shi.

Lami fa? Ta yi wani aure a Malumfashi, takan zo ganin 'yarta. Da Asabe muguwa ce, da Lami ta samu abin kamawa, ta ɗauke 'yarta ko ta yi ƙorafi. Amma me za ta ce? An fi ta iya riƙon 'yar da ta haifa. Hafsatu tana kiran Asabe Inna, ita kuwa Lami sai dai Anti. Alherin Asabe ya ƙwace mata 'ya fiye da yadda mugunta za ta iya. Don haka godiyarta kullum da ƙaiƙayi a ciki, kuma Asabe tana tsoron bakinta fiye da na kowa.

Sadiku ɗan auta ne, al'ada ta yarda a nuna masa so a fili, saboda haka duk soyayyar da aka danne a kan Zulai a kansa take zuba. Ya taso yana ganin Inna ba ta da laifi. Shi zai kare ta ranar da kowa ya juya mata baya, kuma kariyarsa ba za ta yi mata amfani ba.

Wannan takarda ita ce littafin. Duk wani babi da za ku rubuta daga cikinta zai fito.

Ku fara da ƙananan abubuwa

Kada aibi ya fara da gawa. Ya fara da abin da mai karatu zai karanta ya ɗan yi murmushi, sai bayan ya juya shafi abin ya dawo masa. Ga irin abin da nake nufi.

Ana saura kwana goma Sallah Malam ya shigo da atamfa turmi biyu. Ɗaya mai kyau ce, ɗayar kuwa duk wadda ta taɓa ta san za ta koɗe a wankin farko.

"Hafsatu, zo ki zaɓa."

"Inna, Yaya Zulai ce babba, ta fara ɗauka."

"Na ce ki zo ki zaɓa."

Hafsatu ta kai hannu kan mai arahar. Asabe ta ture hannun, ta ɗora mata mai kyan a cinya.

"Ke kuma," ta faɗa ba tare da ta waiwaya ba, "ɗauki waccan ki kai wa tela."

"To, Inna."

Maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ta riƙe haɓa. "Kai, Asabe, Allah dai ya ba ki Aljanna. Wa zai ce ba ke kika haifi yarinyar nan ba?"

Ban ce Asabe tana da kara ba, ban ce Zulai ta ji zafi ba, ban sa kowa hawaye ba. Amma mutum huɗu sun nuna matsayinsu cikin layuka kaɗan, har da unguwa, wadda maƙwabciyar ke wakilta. Ku kula da maƙwabciyar nan. Ladan da aibi ke samu daga jama'a shi ne dalilin da ya sa mai shi ba ya barin sa. Yabon nan shi ne abincin Asabe.

Daga nan sai ku riƙa ƙara farashi. Karo na biyu ya zama abin da ba a wankewa ya fita. Misali, shekarar da kasuwar hatsi ta karye, kuɗin jarrabawar fita sakandare na mutum ɗaya kawai Malam ya iya haɗawa. Zulai ce ta fi ƙoƙari a aji, kowa ya sani. Malam ya tambayi Asabe, don ya sauke nauyin daga kansa. Kun san amsar da ta ba shi. Zulai ta yi aure a shekarar, ba don an tilasta mata ba, sai don gidan miji ne kaɗai wurin da take tsammanin za a kira sunanta. A nan dangantaka ta canza siffa: tsakanin 'yan'uwan biyu an daina raba nama a bayan ɗaki, an koma gaisuwar mutunci.

Mai faɗin gaskiya da ƙofar da aka buɗe

Dole a samu mutum ɗaya da yake son tauraro kuma yake ganin abin da yake yi. A wajen Okonkwo, Obierika ne. Ya ƙi bin masu kai Ikemefuna daji don a kashe shi, ya gaya wa amininsa ƙiri-ƙiri cewa abin da ya yi bai dace ba, amma lokacin da aka kori Okonkwo zuwa Mbanta, garin mahaifiyarsa, na shekara bakwai, shi ne ya riƙa sayar masa da doya yana kai masa kuɗin. A wajen Asabe, yayarta ce, Yaya Kulu, wadda suka ci ƙanzon nan tare.

Abin da nake roƙon ku shi ne kada ku mayar da ita mai wa'azi. Na gaji da karanta shafi uku na nasiha da aka cusa a bakin wata gwaggo, da ayoyi da hadisai a jere, tauraruwa na sunkuye tana sharar hawaye. 'Yan'uwa ba haka suke magana ba. Yaya Kulu za ta ce ne, tana tsinke zogale, "Ke Asabe, waccan ɗin ma fa marainiya kika mayar da ita." Asabe ta yi dariya ta ce, "Yaya ke nan, ta rasa ci ne ko sha?" Shi ke nan, a ci gaba da tsinkar zogale. Magana ɗaya mai kaifi da aka ture da dariya ta fi huɗuba zama a zuciyar mai karatu.

Sannan kafin babbar masifa, ku buɗe wa tauraro ƙofar fita, a fili, yadda ba zai ce bai gani ba. Kafin a kashe Ikemefuna, wanda ya shekara uku a gidan yana kiran Okonkwo uba, dattijo Ezeudu ya je har gida ya gargaɗe shi kada ya sa hannu. Ba wanda ya tilasta masa bin su, balle ya sare yaron. Tsoron kada a ce masa rago ne ya ɗaga masa hannu. Da babu wannan gargaɗi, da abin ya zama tsautsayi. Gargaɗin ne ya mayar da shi zaɓi.

Ranar da komai ya haɗu

Yanzu ku ɗauko duk ɗabi'un da ke kan takardarku ku tara su a yini ɗaya.

Zulai ta dawo gida goyon ciki, cikin fari, wata takwas. Ya zo daidai da bikin Hafsatu, wanda Asabe ta sayar da 'yan kunnenta da tumakinta biyu don kayan ɗaki su fi na kowace amarya a unguwar. Ranar wuni gida ya cika, Lami da danginta sun zo daga Malumfashi suna zaune a ɗakin Asabe suna duba komai. Tun safe kan Zulai ke sarawa, fuska da hannuwa sun kumbura, tana gani dishi-dishi. Ta daure har azahar, sannan ta samu uwarta a madafa ta faɗa mata a hankali, sau ɗaya, yadda aka koya mata.

Yaya Kulu ta ji, ta ce a nemi mota yanzu-yanzu. Motar da ke ƙofar gida kuwa ita ce za ta kai sauran kayan jere.

"Yaya, yau? Ana tsakiyar bikin yarinyar nan in tashi hankalin gida saboda tawa? Me Lami za ta je ta faɗa? Bari a kai amarya tukuna."

Ta ɓallo Panadol biyu ta miƙa wa Zulai, ta ce ta je ɗakin Sadiku ta kwanta. Malam ya hango ta tana dafa bango, ya ce a ransa uwarta na nan. Hafsatu tana cikin lulluɓi, ba wanda ya gaya mata. Bayan magariba, ana guɗar fitar amarya, jijjiga ta kama Zulai ita kaɗai a ɗaki.

Ku lura ba wani baƙo da ya shigo labarin. Ba ɗan fashi, ba tayar da ta fashe, ba boka, ba aljani. Kowa ya yi abin da ya saba yi tun babi na ɗaya, sai dai yau farashin rai ne. Wani ɗan tsokaci a nan: in za ku sa ciwo a labari, ku samu ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ku tambaye ta yadda yake zuwa. Alamomin da na lissafa su ne na hawan jinin masu ciki, ya fi yawa a cikin fari, kuma a cikin masu karanta ku akwai wadda ta gani da idonta, za ta gane in kun yi shaci-faɗi.

Batun asiri kuwa, na san yana da kasuwa, amma ku san abin da yake ci muku. Da zarar kun ce Lami ce ta yi wa Asabe asiri ta juya mata zuciya daga 'yarta, kun wanke Asabe tas, labarin ya tashi daga na hali ya koma na neman makari. Ko a Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaranmu na farko na shekarun 1930, inda magani ke da babban matsayi, ba maganin ne ke riƙe da labarin ba. Zuciyar Abubakar ce, wanda Malam Shehu ya aure masa Zainabu ya kasa haƙura, ya bar gida ya shiga duniya neman ramuwa. Kuma wanda ramuwar ta fi lalatawa shi ne Kyauta, yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka yi laifin. Mutanen cikin labarinku za su ce ƙaddara ce, kuma daidai ne su faɗa, haka muke faɗa a gidan rasuwa. Aikin marubuci shi ne ya nuna sababin.

Bayan an dawo daga asibiti

Da ni ce, ba zan kashe Zulai ba. Jaririn zan ɗauke, ita in bar ta da rai. Mamaci ba ya ƙin amsa gaisuwa, mai rai kuwa yana iyawa, kuma wannan ya fi zafi. Ranar da aka sallame ta ta ce wa mijinta gidan iyayensa za ta, uwar mijinta ce za ta yi mata wankan jego. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zagi kowa ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, sai an kwana biyu," ta shiga mota.

Sai ku sake bin takardar nan suna bayan suna, ku nuna yadda kowace dangantaka ta kife. Malam Garba, wanda ya shekara ashirin yana shan inuwa, shi ne zai fara cewa, "Ke ce uwarta, me ya hana ki gaya mini?" Maƙwabciyar rariya ita ce za ta fara yaɗa cewa ai dama neman suna ne. Hafsatu ta ji abin da aka biya don bikinta ya tafi lafiya, ta daina iya haɗa ido da Inna, zuwanta gidan ya koma daga Sallah sai Sallah. Asabe ta yi kara don ta riƙe 'ya biyu, ga shi ba ko ɗaya. Lami kaɗai, wadda ake tsoron bakinta, ita ce ba ta ce komai ba. Irin wannan juyi yana da daɗi in kun shuka shi tun da wuri.

Tauraruwa za ta gane, amma ganewa ba ta biyan bashi. Nan ma ana yawan ɓata mini rai: shafi biyu na kuka, a rungumi juna, a yafe, a haifi tagwaye a babin ƙarshe. In kuna son sulhu, ku bar shi ya zo a gurguje kuma bai cika ba. Wataƙila bayan shekara biyu Zulai ta sake haihuwa, ta yarda Inna ta zo suna, amma a matsayin baƙuwa, a ba ta tabarma tare da sauran mata. Kuma kada halin ya ɓace gaba ɗaya. Ko a ranar sunan, Asabe za ta iya samun kanta tana ɗaukar jaririn wata tana yi masa wasa, don kunyar a ga ta ɗauki jikanta.

Masu rubuta gajeren labari, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ba ku da filin mutum shida. Ku ɗauki biyu kawai daga takardar, wanda ke cin riba da wanda ke biya, ku fara labarin daga safiyar ranar wuni.

Idan kun gama rubutu, ku bi shi da jan biro ku soke duk jimlar da ta ambaci halin da sunansa, irin su "saboda kararta" ko "don tsananin girman kansa". Sannan ku ba wata wadda ba ta san komai game da labarin ba ta karanta, ba ƙawar da za ta ce muku ya yi daɗi ba. Ku tambaye ta abu biyu: mene ne matsalar matar nan, kuma wa ya fi cutuwa da ita? In ta amsa ta farko daidai, ta tsaya tana jayayya da kanta a kan ta biyu, ko Zulai ce ko Hafsatu, aikin ya yi. In ta ce ba ta ga wata matsala ba sai a ƙarshe, ƙananan fitowar farko ne suka yi kaɗan, ku ƙara biyu kafin tsakiyar littafi. In kuma akwai wani suna a takardarku da ba ta ko tuna da shi ba, ku rubuta masa fitowa ɗaya shi da tauraruwa su biyu kawai, ko ku cire shi daga littafin.